Ni da Kawu a Neman Fure Marar Haƙuri

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A Kalgo abokan aikina na sashen nazarin tsirrai su tare ni a baranda, a Gwandu kuma in na je gida ƙarshen mako ƙawayena su cika ɗakin Inna. "Balki, wai da gaske can gajimare har ɗaki yake shiga?" "Wai don ciyawa kunka tahi har Kamaru?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ta ji nata ɓangaren ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata.

Kawu Umaru ƙanen mahaifiyata ne. A jami'a Dokta ake ce masa, kuma shi ya koya mini aikin tsirrai tun ina ɗaliba har na zama malama a sashen da ya yi ritaya. Tun yana saurayi ya hau tsaunin Mambilla ya haɗu da wani ɗan fure ruwan hoda mai son bakin rafi da inuwa. Masana suna kiran danginsa Impatiens, wato marar haƙuri, don in kwanson irinsa ya nuna, ko shafa shi ka yi da yatsa sai ya fashe, tas, ya watsar da 'ya'yan. Turawa suna ce masa balsam. Da na faɗa wa wata ƙawata haka, ta duba wayarta ta ce ai garahuni ne, ga shi nan ya cika dangar gidansu. Ba garahuni ba ne, ko dangi ba su haɗa ba.

Furen yana da wata 'yar wutsiya a bayansa inda zaƙinsa yake taruwa. Wanda Kawu ya gani a Mambilla wutsiyarsa gajeriya ce, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Daga baya ya je wani dutse a cikin Kamaru, can ƙololuwa, ya ga wani mai kama da shi sak, sai dai wutsiyarsa doguwa ce siririya kamar zare. Littattafai sun ce iri ɗaya ne. Kawu ya ce iri biyu ne, na Kamarun ba a taɓa raɗa masa suna ba. Ya rubuta ya aika, masu tantancewa suka ce hujjarsa ba ta isa ba, don furen ruwa ne jikinsa, in an busar da shi sai ya koma kamar ƙonanniyar takarda. Wannan magana ta zauna masa a rai duk tsawon aikinsa. Sai ga ciwon ido, irin wanda likita ya ce ba ya warkewa sai dai a rage masa gudu. Da daminar bara ya kira ni ya ce, "Balki, ki ara mini idonki mu koma dutsen nan tun ina iya bambance dare da rana." Ban san yadda ake ce wa Kawu a'a ba.

Mun tashi daga Kalgo bayan sallar asuba a motar Kawu, da direbansa Malam Sanda mutumin Kambaza. Bayan motar cike da matsin katako da tsofaffin jaridu na busar da ganye, da kwalabe na sipirit, ruwan nan mai warin giya da ake jiƙa fure a ciki don kada siffarsa ta lalace, da buhun albasa da busasshen kifi na tsaraba. Mun bi ta Zariya, muka yada zango a Bauchi, muka sake yadawa a Jalingo. Duk tsawon hanyar Kawu ne ɗan jagora ko da yake ba ya gani sosai. Sai ya ce, "Sanda, nan gaba kaɗan akwai mai tsire ƙarƙashin tsamiya, mu tsaya." Mu iso mu tarar da gidan mai, babu tsamiya babu tsire. Malam Sanda ya ce, "Dokta, mai tsiren nan hala jikokinsa ma sun yi aure."

Bayan Serti aka fara hawan tsaunin Mambilla. Ni da Malam Sanda ba mu taɓa sanin tudun da ya wuce na Dukku a Birnin Kebbi ba. Hanya ta riƙa naɗewa jikin dutse, hagu bango, dama rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Malam Sanda ya daina magana, ya koma salati. Can ya ce, "Dokta, wagga hanya wa ya ce a yi ta?" Kawu yana dariya ya ce ya sa giya ta ɗaya ya bar tambaya. Kunnuwana suka toshe, na zaci ciwo ne ya kama ni, Kawu ya ce in haɗiyi yawu. Da muka kai sama sai ga fili shimfiɗe kore shar, da shanu masu ƙiba suna kiwo cikin shingen waya babu makiyayi a bayansu. Malam Sanda ya tsayar da mota ya fita ya tsaya yana kallo. Ya ce in mutanen rugar bayan Dodoru suka ga wannan ciyawa, sai dai a ɗauko su da ƙarfi.

A Nguroje muka sauka gidan Dada Hauwa, matar wani tsohon aminin Kawu da ya rasu. Tsohuwa ce doguwa, tana sanye da rigar sanyi biyu da safa. Tana jin muryar Kawu ta tafa hannu ta ce, "Umaru mai tsinkar ciyawa! Ashe kana duniya?" Suka yi wa mamacin addu'a, sannan ta juyo kaina. Na gaishe ta da ɗan Fulatancin da na tsinta wurin kakata a Gwandu. Ta saurara da kyau, sannan ta ce wa Kawu da Hausa, "'Yarka tana magana kamar tsofaffin da suka zo daga yamma zamanin kakana." Daga ranar ba ta sake yi mini Hausa ba, ta ce sai ta gyara mini baki.

Ni da na taso inda ake kwana a tsakar gida saboda zafi, mayafi mai kauri ɗaya na ɗauko na ce ya isa. Da safe na sa hannu a buta zan yi alwala, na ji kamar an sare mini yatsu. Dada ta ga ina rawar ɗari, ta ciro kwat ɗin marigayi mijinta daga akwati ta ɗora mini a kan hijabi. Ya sauko mini har gwiwa, hannuwansa sun haɗiye nawa. Da shi na yi tafiyar gaba ɗaya, kuma duk hoton da kuka gani na wani ƙaton mutum tsugune a bakin rafi, ni ce.

Maganar gajimare gaskiya ce. In ka bar ƙofa a buɗe da yamma sai ka ga farin abu yana shigowa a hankali, ya jiƙa maka bargo. Abincinsu tuwon masara ne da miyar wani ganye da suke kira kumbi, mai ɗan ɗaci, wadda na tsana ranar farko na kuma nemi ƙari kafin mu tafi. Shayi kuwa ba a tambayar ka ko za ka sha. Fiya tana faɗowa daga bishiya awaki suna ci, abin da muke saye da tsada a Birnin Kebbi. Amma da na buɗe buhun albasar Gwandu da kifin nan, matan gidan suka taru suna shinshinawa kamar turare. Dada ta raba wa maƙwabta, ta ɓoye manyan.

A rafin bayan gari na fara ganin marar haƙuri da idona. Kawu ya tsuguna ya lalubo shi da hannu, ya shafa ganyen, ya bi furen da yatsa har wutsiya. "Ga ta nan, ƙugiya," ya ce, yana murmushi kamar ya haɗu da ɗan'uwa. Ya nuna mini yadda yake so a yi aikin wannan karon. Kowane fure in ɗauki hotonsa kusa da ma'auni, in auna wutsiyar, in ɓare wani in jera sassansa a kan takarda, in jefa wani cikin sipirit, in ajiye guntun ganye don gwajin ƙwayoyin gado. Busarwar ce ta ba mu wuya. A Kalgo ka ɗora matsi a kan rufi da safe, da la'asar ya bushe ƙarau. A can jaridar kanta jiƙewa take yi. Kashin farko duk ya yi funfuna muka zubar. Kawu ya roƙi Dada ta bar mu mu rataye matsin a saman murhu inda suke ajiye masara. Har yau in na buɗe kabad ɗin da samfuran suke a ofis, ƙaurin ɗakin girkin Dada ne yake tarye ni.

Mota ba ta iya hanyar iyaka da damina, don haka muka bar Malam Sanda a Nguroje, bai kuwa yi gardama ba. Muka hau babura, irin kabu-kabunmu amma tayoyinsu kamar na tarakta. Inda laka ta yi yawa mu sauka mu taka, ina riƙe da hannun Kawu ina gaya masa inda zai sa ƙafa.

A shingen ɓangaren Kamaru wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya karɓi takardunmu ya duba, bai ga aibu ba. Sai ya buɗe kwali, ya cire murfin kwalba ɗaya ya shinshina. Ya dubi farin gemun Kawu da carbin hannunsa, ya sake duban kwalbar, ya faɗi wata magana da Faransanci yana girgiza kai. Mai babur ɗina ya fassara mini a hankali: "Wai ya ce, Alhaji, har da kai?" Kawu ya miƙe tsaye. "Ni? Giya? Balki, hwaɗa mishi ko goro na bari!" Na yi Turanci bai ji ba, na yi Fulatancina na Gwandu ya ji rabi. Ya ce kayan za su tsaya sai babbansu ya zo, babban kuma ya tafi gari. In aka riƙe kwalaben, tafiyar ta tashi a banza.

Na ciro ledar da muka sa ɗanyun tsirran da muka tsinka da safen nan don in nuna masa abin da ake jiƙawa. Ya sa hannu yana bincike, yatsansa ya taɓa nunannen kwanso. Tas! 'Ya'yan suka watsu a fuskarsa. Ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. Sai ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya ce ya taɓa wancan. Shi ma ya zabura. Kafin a jima sun fasa mini duk kwansunan da ke ledar, har da wata mai sayar da ayaba da ta zo kallo. Muna cikin haka Madam Odet ta iso, masaniyar tsirrai ta can wadda da sunanta aka ba mu izinin aikin. Ta yi musu bayani, ta nuna takardar da ta ambaci sipirit ɗin. Jandarman ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu ya ba shi haƙuri, ya kuma tambaya ko abin zai fito in ya shuka a bayan ofis.

Madam Odet gajeriya ce mai ƙarfi, Kirista daga kudancin ƙasarsu, amma ta daɗe a arewa har Fulatanci ya zauna a bakinta. Da shi muka riƙa magana, in ya ƙare mu haɗa da Turanci da hannu. Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da ita a gidan mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen. In na tayar da salla sai ta kashe rediyonta ba tare da na roƙa ba. Karin kumallonsu burodi ne dogo mai tauri kamar sanda, da kofi baƙi ƙirin. Na ce mata a garinmu in ka ba baƙo wannan burodi zai ce na bara ne. Ta ce ita ma da aka ba ta fura a Garwa ta zaci magani ce.

Lokacin da Kawu ya zo da ƙuruciya, ta wata hanyar mota ya zagaya ya hau ƙololuwa kai tsaye. Hanyar ta zaizaye yanzu, dole mu bi rafi daga ƙasa. Mai unguwa ya ba Kawu aron wani doki mai sanyin hali, ni da Madam muna ƙasa muna tsinka muna aunawa. A gindin dutse, inda rana take dukan bakin rafin, muka sami marar haƙuri mai gajeriyar ƙugiya, irin na Mambilla. Kawu ya ce madalla, ashe ya ƙetaro iyaka shi ma, ba tare da takarda ba. A nan ne matsattsaku ya kama ni a ƙwauri. Ihun da na yi har dokin sai da ya firgita. Madam ta ciro gishiri daga jakarta ta barbaɗa masa ya saki, ta ce yanzu na zama 'yar aiki.

Muna ƙara hawa itatuwa suna ƙara rufe rafin. Na tsinki wani fure na auna, na ga wutsiyar ta ɗan fi ta ƙasa tsawo, lanƙwasar kuma ta ragu. Na ce wataƙila wannan ɗaya ne ya fita daban. Na auna na kusa da shi, haka. Muka ƙara gaba, wutsiyar ta ƙara tsawo. Babu inda gajere ya ƙare dogo ya fara, a hankali ɗaya yake komawa ɗaya. Ganyen ɗaya, gashin jikin kara ɗaya. In akwai na tsaka-tsaki haka jere daga ƙasa har sama, to littattafan ne suke da gaskiya. Kawu gefe biyu kawai ya gani, bai taɓa taka tsakiyar ba.

Daga kan doki yake ta tambaya, "Balki, mi kika gani?"

"Ina dai aunawa, Kawu."

"To hwaɗa mini lambar mana."

"Bari in gama da wannan wurin."

Madam tana ganin abin da nake gani. Ta ja ni gefe kamar za ta nuna mini wani abu, ta ce, "Ba zan sa hannu a kan abin da ba haka ba, kin sani. Amma ni baƙuwa ce. Daga bakinki ya kamata ya ji." Na ce mata mutumin nan rayuwarsa ya ɗora a kan wannan fure, idonsa kuma ba zai kai wata damina ba. Ta ce ta sani.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in yi shiru har mu koma gida, in bar sakamakon gwaji ya faɗa masa a takarda. Amma idona ya ara, kuma bai ara don in zaɓa masa abin da zai gani ba.

Da muka kai ƙololuwa muka sami mai doguwar wutsiyar a cikin inuwa mai sanyi, jikin wani dutse da ruwa yake tsattsafowa. Muka sauko da Kawu, na kai hannunsa kan furen. Ya bi zaren nan da yatsa har ƙarshe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin gani ko? Wa zai ce wanga da wancan ɗaya ne?"

Na shimfiɗa masa kwat ɗin mijin Dada a kan dutse ya zauna. Na ce, "Kawu, buɗe tafin hannunka." Na ciro furannin da na tsinko tun daga ƙasa, kowanne a ledarsa. Na ɗora masa na gindin dutse, ya shafa. Na ɗora na gaba da shi, ya shafa. Haka na riƙa ba shi ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa masa inda na tsinko kowanne da tsawon wutsiyarsa.

Da na gama ya sake shafa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Wataƙila barbara ce. Iri biyu in sun haɗu a tsakiya sukan haifi na tsaka-tsaki, amma sau da yawa 'ya'yansu ba su da ƙwaya. Kin duba kwansunan na tsakiyar?"

"Na duba, Kawu. Cike suke."

"Ba ni."

Na sa masa kwanso ɗaya a hannu, ya rufe yatsunsa ya matsa, ya fashe a ciki. Ya murza 'ya'yan da babban yatsa, ƙosassu, masu tauri. Ya nemi wani, na ba shi. Ya sake neman wani.

"Gida ɗaya ne," ya ce a ƙarshe. "Inuwa da tsawon dutse ne sunka ja mishi wutsiya, ko kuwa abin da ke shan zaƙinsa a sama ya fi dogon baki. Wannan kuma aikinku ne." Ya share hannunsa a riga. Hawaye ne suka zubo mini, ya ji ni ina jan hanci. "Ke kuma kukan mi? Tun ina da baƙin gashi nike son in san gaskiyar wanga fure. Yau na sani." Ya juya wajen da yake jin motsin Madam ya ce mata da Turanci ta shaida, ya janye maganarsa. Ta zo ta durƙusa a gabansa yadda ta ga ina yi, ta ce malamai da yawa ta sani da za su ce a sake aunawa har sai ma'aunin ya gaji. Daga nan ya ce yunwa yake ji, muka ci burodin nan mai tauri da kifin gwangwani, ruwa ya sauko ya kore mu.

A hanyar dawowa bai yi surutu kamar zuwa ba. Wani lokaci in waiwaya in ga yana motsa yatsunsa a kan gwiwa kamar yana shafa wani abu. Amma tun daga Jalingo ya fara yi mini shiftar yadda za mu rubuta bayanin, yana cewa in sa a fili cewa ra'ayinsa na da kuskure ne, kada in yi masa kwaskwarima. Sakamakon gwajin ƙwayoyin gado ya iso bayan mun dawo, bai saɓa wa abin da muka gani ba.

Gwandu muka fara sauka kafin Kalgo, don Inna ta ce kada a wuce da ƙanenta ba ta gan shi ba. Ta dama masa fura da kanta, ta zauna tana sauraron labarin tun daga hawan dutse har ƙololuwa. Da na kai ƙarshe ta ajiye ludayin, ta dube ni, ta dube shi.

"Tsaya, Umaru. Kana nufin ɗiyata ta ɗauke ka, da tsufanka da ciwon idonka, ta kai ka har ƙasar wasu, ta hau da kai kan dutse, don ta ce maka ba ka da gaskiya?"

Kawu ya kurɓi furarsa, ya goge gemu.

"Haka anka yi, Yaya," ya ce. "Kuma ni na koya mata yadda ake yi."